Abin da Inna Take Nufi da Je

Da sunan Allah, wanda ya tsaga baki, ya sa harshe a ciki, ya yanka wa kowace al'umma rabonta na magana. Ni ne Korau ɗan Shekarau, mutumin Birnin Dagaza, wanda ya ƙetare Mashigin Iska, ya taka garuruwan da sunansu ba ya zama a bakin Bahaushe. Ba dukiya ta fitar da ni ba, ba sarauta ba. Kalma guda ce, wadda ko numfashi ɗaya ba ta cinyewa. Mai son ji ya gyara zama, don ni in na fara ba na son a ce in koma baya.

Tun ina ƙarami ƙafata ke ƙaiƙayi. In aka aike ni bakin kasuwa, sai an nemo ni a garin gaba. Gado na yi, don ubana falke ne, kuma a yawonsa ya auro mahaifiyarmu daga wata ƙasa mai nisa. Mutanen gari Baƙuwa suke ce mata, har sunan ya bi ta. Ta iya Hausa fiye da waɗanda aka haifa a cikinta, amma ba ta taɓa yi mana zancen garinsu ba. In muka tambaya sai ta ce da nisa, ta ci gaba da tankaɗe.

Wata Laraba da hantsi tana shanya a tsakar gida, sai ta yanke jiki ta faɗi. Da ta farfaɗo, ɓarin jikinta na dama ya shanye, Hausar kuma ta tafi kakaf. Kalma ɗaya ta rage mata. Yayata Tabawa ce ke juya ta, tana ba ta kunu, amma ko uffan ba ta ce mata. Ni kuwa da na leƙo ɗakin sai ta kafe ni da ido, ta ce, "Je." Tana jan ta, ƙarshen yana hawa sama. In na fita ta yi shiru, in na dawo ta maimaita. Kunun ma bai wuce ludayi biyu a wuni, kullum tana ƙara ramewa.

Na ce wa Tabawa, "Kin ji ko, Yaya? Cewa take in je."

Ta ce, "Ka je ina?"

"Garinsu mana."

Ta ajiye ƙwarya, ta dube ni sama da ƙasa. "Korau, kai dai ka ce ƙafarka ce ta motsa. Shekara talatin Inna na aiken ka, ka taɓa jin ta ce je tsirara haka? Je ka take cewa. Wannan ba Hausa ba ce, yarensu ne ya dawo mata."

Na ce, "To ai kin gama magana. In Hausa ce, umarni ne. In ba Hausa ba ce, dole wani ya je ya nemo abin da take so tun tana da rai. Ko ta ina aka ɓullo, tafiya ta kama ni."

"Allah ya shirye ka," in ji ta. "Ka bar ni da jinya, ka kira shi biyayya."

Maganar ta soke ni, amma ban nuna ba. Gaskiya ita ce ba na iya jure kallon idon Inna. Na tafi wajen Madugu Jatau, tsohon abokin tafiyar ubana, wanda haƙori biyu suka rage masa. Ya ce abin da ya sani kawai shi ne ubana ya rabu da ayari a Mashigin Iska, ya nufi gabas, bayan shekara biyu ya dawo da amarya. Washegari na rataya gafaka. Ina fita ƙofar gida ina jin muryarta a bayana, ban waiwaya ba.

Wata biyu ina tafiya kafin na isa Gwalam, birnin maƙera, wanda aka sassaƙa cikin dutse guda tun daga gindi har ƙololuwa. Hayaƙi ke fita ta kowace taga. Mutanensu da hannu suke juya ƙarfe a wuta, tafin hannunsu kamar kirgi. Na shiga kasuwa, na zaɓi wanda ya fi kowa girman jiki, don a wautata mai girman jiki shi ya fi sani. Na gaishe shi da hannu, na ce, "Je?"

Kasuwa ta yi tsit. Guduma ta tsaya a sama. Mutumin ya yi murmushi, ya fara naɗe hannun riga.

Sai na ji an fizgo ni ta baya, an ce da Hausa, "Inna lillahi! Ɗan garinmu, wa ya aike ka?" Wani wanzami ne, Barmo, ya shekara goma sha biyu a can yana aske kawunan maƙera. Ya ce a Gwalam je kukan jan ƙarfe ne, wato wanda ya yi ja a wuta, in an tsoma shi a ruwa, daga nan suka samo ta. Wanda ya faɗa wa wani, ya kira shi ke nan su damƙi jan ƙarfe da hannu, wanda ya fara saki a wurgo shi daga kan dutse.

Na dubi tafin hannuna, wanda ko fartanya bai saba da ita ba. "Ba a janyewa?"

"Ba a taɓa ba."

"In mutum ya kira biyu fa, da wa zai fara?"

Ya ce, "Da wanda kakanninsa suka riga kunna wuta a dutsen nan. Me kake shirin yi? Kai! Kai!"

Ban tsaya ba. Na ruga cikin kasuwa ina nuna mutane da yatsa ina je, je, je. Na faɗa wa sarkin maƙera, na faɗa wa ƙanensa, na faɗa wa masu zuga, har wata tsohuwa mai sayar da gawayi ban bari ba. Kafin a hura wutar da za a gasa ni, gardama ta kaure. Wannan ya ce kakansa ne ya fara kunna wuta a dutsen, wancan ya ce ƙarya ne, a gidansu aka ɗebi garwashin. Ashe rigima ce ta shekara ɗari uku da kowa ke tsoron tonawa. Suna cikin shaƙe wuyan juna Barmo ya cusa ni tsakanin jakunan gawayi, muka fita ta ƙofar baya. Ya ce in gaida gida, kuma in Allah ya sa na sake biyowa, in yi kamar ban san shi ba.

Da a ce ina da hankali, da na koyi rufe baki. Ban koya ba. A ƙasar Lumbu na faɗe ta, suka cika mini gafaka da gishiri, domin su je suke kiran gishiri. Kwana uku ina zaune bakin hanya ina tunanin ko gishiri Inna take so, ko in juya. Na tuna gishiri bai taɓa yankewa a gidanmu ba, na tashi. A tuddan Barza na faɗe ta da ƙarfi, awaki sun fi ɗari suka biyo ni, masu su na biye da sanduna. Kowace ƙasa ta ba ni amsa, babu wadda ta yi kama da idon Inna. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya daina daɗi. Duk gawar da na ga an ɗauka a hanya sai gabana ya faɗi, in ƙara sauri, ban ma san inda nake saurin zuwa ba.

A wata na tara na isa Anzuru, inda ake ajiye maganar duniya a cikin tuluna. Gidan ajiyar ya fi Birnin Dagaza faɗi. Kowace kalma da tulunta, an liƙe baki da yumɓu, in an buɗe sai ka ji muryar wanda ya fara furta ta. Mai tsaron wajen wani siririn tsoho ne, Ma'aji suke ce masa. Ya yi mini Hausa irin ta kakannin kakanni, ya ce a tulu ya koya.

Da na gaya masa buƙatata sai ya yi dariya. "Samari, wace je? Guda tara gare ni."

Ya kai ni wani dogon ɗaki. Ya buɗe na farko, ƙarfe ya yi kuka a ruwa. Ya buɗe na biyu, sai muryar mace tana kiran wani suna mai tsawo, Jerumbalanke. Ya ce sunan matar da ta fara kai gishiri Lumbu ne, bakuna suka yi ta gutsurar sa har ya rage loma ɗaya. Ta masu awaki kuwa ashe atishawar wani makiyayi ce, awakinsa suka saba da ita. Har tamu ta Hausa ya buɗe mini: muryar wani mutum a gajiye, da ka ji ka san baƙo ne ya daɗe masa a zaure.

Na ce, "To wacce ce uwarsu?"

"Ba su da uwa ɗaya. Ba dangin juna ba ne, riga ce kawai ta zo iri ɗaya. Baki ƙarami ne, samari, duniya kuwa da faɗi. Dole a yi karo."

Raina ya ɓaci, don ni na ɗauka in na bi saiwa zan isa gindi. Muka saurari takwas, babu ta Inna. Na tara ya ƙwanƙwasa, ya yi ƙarar wofi. Ya ce na mutanen Tafkin Yawo ne, can gabas. Shekara hamsin yana aika musu, sun ƙi faɗa a tulu, wai ba kalmar da ake faɗa don a ji ba ce. Sannan ya ce in faɗa masa yadda tsohuwata take faɗa. Na ja ta, na ɗaga ƙarshen. Idonsa ya yi ƙyalli, ya tafa hannu, sai na ji ƙofofi suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Dokar gidan nan," in ji shi, "wanda ya saurara sai ya bar kalma. Abin da ka zuba a tulu kuwa ya bar bakinka har abada. Wannan nake so."

Na roƙe shi, na ce in na rasa ta da me zan yi tambaya. Ya ce ba ruwansa. Na tambaye shi yaushe zai saurara, ya ce sabuwar kalma sai ta kwana arba'in a liƙe kafin ta zauna. To, na durƙusa, na cusa baki cikin tulun, na laluba kaina ina neman kalmar da ban cika amfani da ita ba. Nan da nan na samu. Ita ce wadda ake ba mutum in an taka masa ƙafa, wadda ake cewa mai fushi ya yi. Kun gane ta, ni dai ba zan iya faɗa muku ba. Na raɗa ta, ya liƙe da hannunsa yana rawar jiki, ya raka ni har ƙofa yana sa mini albarka. Ban yi nisa ba na bangaje wani mai ɗauke da ƙwai. Na buɗe baki in ba shi, babu. Na tsaya ina hangame, ya ɗauka raini ne, ya sharara mini marin da sai da na wuni ina jin ƙara.

Tafkin Yawo ba a hango ƙarshensa. Mutanensa ba su da ƙasa. A kan tsibiran ciyawa suke zaune, waɗanda suka saƙa da hannunsu, da bukkoki da shanu da komai, iska tana yawo da su. Yau maƙwabcinka yana kusa, gobe sai ka yi masa ihu. Na tsaya a gaɓa na hango wani tsibiri yana wucewa, na haɗa hannu a baki na ƙwala, "Je!"

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Maza da mata suka watsar da abin da ke hannunsu, suka faɗo ruwa. Kafin in yi motsi hannu ya fi ashirin a jikina, wannan ya kama wuyan hannu, wancan ya kama kafaɗa, wata mata tana kuka. Na ɗauka kashe ni za su yi. Da suka ga lafiyata lau, sai suka sake ni ɗaya bayan ɗaya, fuska a murtuke. Wata tsohuwa ce kawai ba ta saki ba. Sunanta Nimbe, ita ta ja ni zuwa bukkarta.

Kwana hamsin na yi ina tsintar yarensu, ina cizon yatsa saboda jinkiri. Duk lokacin da na nufi kalmar sai Nimbe ta toshe mini baki da tafin hannu. Ran da harshena ya iya ɗaukar labari, na zaunar da ita na ba ta tun daga faɗuwar Inna. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sannan ta kama hannuna ta kai ni gefen tsibiri, inda wani tsibirin ya matso kusa. Tsakaninsu taku ɗaya ne, ruwan baƙi ƙirin, ratar tana buɗewa tana rufewa.

Ta ce da can je sunan igiyar da ake ɗaure tsibiri da tsibiri ne. Daga igiya ta koma hannu. Nan babu mai ƙetare rata shi kaɗai, ko jarumi ne, don in ta rufe da kai ba a ganin ka kuma. Sai ka ce wa na kusa da kai je, wato riƙe ni. Sai na tuna ko kwatar ƙofar gida Inna ba ta tsallakewa sai ta dafa wani, muna yi mata dariya.

Nimbe ta ce, "Wa take faɗa wa?"

"Ni kaɗai."

"Tana ja, ƙarshen yana hawa?"

"Haka."

Ta saki hannuna kamar ta taɓa wuta. "Wannan ta ƙetarewar ƙarshe ce. Mutum ɗaya ake zaɓa. Namu ba ya tafiya sai wanda ya zaɓa ya riƙe shi, ko zai shekara nawa yana jira. Ta miƙo maka hannu, kai kuma ka yi me?"

Na ce, "Na zo tambaya."

Ba ta mare ni ba, da ma ta mara. Ta ce in na riƙe Inna, in mayar mata da kalmar, shi ke nan amsar. Ta sa aka fito da kwalekwale a take, ko ruwa ba ta bari na sha ba.

Ni Musulmi ne, na san rai a hannun Allah yake, ba a hannun Korau ba. Haka na yi ta faɗa wa kaina a hanya. Amma hanyar da na yi wata goma sha ɗaya ina zuwa, a wata huɗu na cinye ta. Rabin zuciyata na roƙon in same ta da rai, rabin na jin kunyar roƙon, don in tana raye, ni na tsare ta a kan wannan tabarma. Wani abu kuma ya fi ci mini rai: in maganar Nimbe gaskiya ce, hannun nan nawa shi ne sallama.

Na shiga gida da hantsi. Tabawa tana wanke zannuwan jinya, ta rame har na kusa wuce ta. Ba ta yi mini sannu da zuwa ba.

Na ce, "Yaya, tana nan?"

"Tana nan. Tun ran da ka fita ba ta sake cewa komai ba. Malamai sun yi, masu magani sun yi, kowa ya ce bai san abin da ke riƙe da ita ba." Ta matse zane. "Ka samo?"

Na gaya mata. Sai ta ce, "Ni nake juya ta, ni nake share ta. Hannuna kullum yana jikinta. Amma naka take jira."

Na je ƙofar ɗakin na tsaya. Inna ta koma kamar ƙaramar yarinya a cikin mayafi, idon ne kawai na sani. Ya sauka a kaina. Leɓenta ya motsa sau biyu kafin sauti ya fito.

"Je."

Wallahi, ƙafata ta so gudu. Ni da na tsaya gaban maƙeran Gwalam, na kasa taku uku. Na ce, "Yaya, in na riƙe ta, tafiya za ta yi."

Tabawa ta zo bayana, hannunta jiƙe, ta tura ni ciki. "To da fa? Ta gaji, Korau."

Na durƙusa. Na ɗauki hannunta na hagu, mai ran, na sa a cikin nawa. Ta damƙe da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Tabawa ta zauna wajen kanta tana karanta mata kalmar shahada a kunne. Muka zauna haka, inuwa tana janyewa daga bakin ƙofa, ban motsa ba. Da aka yi kiran azahar numfashinta ya fara nisa da juna, amma idonta na kaina, tana jiran amsa. Na sunkuya na faɗa mata.

Yatsunta suka saki a hankali. Ni ne ban saki ba, sai da Tabawa ta rufe mata ido, ta zare hannuna da kanta.

Bayan an dawo daga maƙabarta muna zaune a tsakar gida, Tabawa ta ce, "Na ji abin da ka ce mata. Da yarensu ka faɗa, ko da namu?"

Na ce, "Da nasu na fara, Yaya."

Nan hikayar Korau ɗan Shekarau ta tsaya. Allah ya jiƙan Baƙuwa, ya sa ta ƙetare lafiya.